Yadda Ake Zaɓar Ƙasa Don Noman Saiwar Baleriyan

Baleriyan tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, asalinsa Turai da wasu sassan Asiya, kuma saiwarsa ake haƙowa a busar don haɗa maganin rashin barci. Tunda abin da ake nema yana cikin ƙasa ne, a nan aikin yake farawa.

Da farko, ka ɗebi ƙasar gonar da ɗan danshinta ka dunƙula a hannu. In ta dunƙule amma ta wargaje da ka taɓa ta da yatsa, ka dace: wannan ita ce ƙasa mai laushi wadda rairayi ya ɗan rinjaya. In ta manne kamar ƙullun tuwo, yumɓu ya yi yawa.

Yumɓu ba ya hana shukar girma, har ma takan yi kyau a ido. Wahalar tana jiran ranar wanki. Saiwar baleriyan tarin siraran jijiyoyi ce da suka cukurkuɗe, kuma laka na shiga tsakaninsu ta maƙale. Sai an yi ta dirza, jijiyoyin su tsintsinke, wani kaso na man da ke ɗauke da ƙarfin maganin ya salwanta. Ni a ganina gara ƙasar da za ta sa ka yawan ban ruwa da wadda za ta ɓata maka amfani a ƙarshe. Rairayi zalla kuwa ba ya riƙe danshi, saiwar sai ta fito a tsamure.

Sai gwajin tsami. Ma'aunin pH, wato awon tsamin ƙasa, tsakanin 6 da 7 ya wadatar.

Bayan haka ka yi huɗa mai zurfi, ka tsince duwatsu, ka zuba ruɓaɓɓen taki. Kada ka cika takin zamani mai nitirojin, ganye zai ba ka. Shukar na son danshi amma kwantaccen ruwa na ruɓar da ita, don haka inda ƙasa ke da nauyi a tayar da kunya a dasa a kai, da tazarar santimita 30 zuwa 40.

Da kan fure ya fito, a yanke shi domin ƙarfin ya koma ƙasa. A haƙe a lokacin kaka idan ganye ya fara bushewa, a raba curin saiwar kafin wanki, sannan a shanya a inuwa, zafin bai wuce digiri 40 ba. A kuma tsare wurin daga kyanwa, domin warin busasshiyar saiwar na jawo ta.