Yadda Za Ka Rage Zafin Firosesar Kwamfutar Tebur

Fara da awo. Saka manhajar auna zafi ta Core Temp ko HWMonitor, ka duba zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, lokacin da kwamfutar ke hutawa, sannan lokacin aiki mai nauyi. Digiri 35 zuwa 50 a hutu babu damuwa. In aiki ya sa ya haura 90, akwai gyara, domin yawancin na Intel suna rage gudu da kansu a kusa da 100.

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe. Riƙe fanka da yatsa ka hure ƙurar da ta toshe haƙoran ƙarfen sanyaya da ke zaune a kan firosesar, musamman bayan hunturu.

In zafin bai sauka ba, cire ƙarfen. Murɗa shi kaɗan kafin ka ja, musamman a soket ɗin AM4 (mazaunin firosesa) na kamfanin AMD, don man isar da zafi da ake sawa tsakanin firosesa da ƙarfen in ya bushe yakan fizgo firosesar. Goge tsohon man da sinadarin isopropyl, ka ɗiga sabo a tsakiyar firosesar, kamar ƙwayar wake. Mayar da ƙarfen, kana ɗaure sukurorin kusurwa da na kishiyarta, kada ka manta wayar fanka.

Sake aunawa. Fankar da ta zo cikin kwalin firosesa ta isa aikin ofis, amma mai tace bidiyo gara ya sayi babba.