Yadda ake warware babbar lamba a gano irinta

Ɗaliban da ke shirin jarrabawar Bak, wato ta kammala sakandare, a Garwa, Marwa da Njamena sukan ruɗe idan aka ba su lamba mai alƙaluma shida aka ce su faɗi masu raba ta. Aikin ba na kalkuleta ba ne, na tsari ne. Mu ɗauki 175,032.

Fara da 2. Dubi alƙaluma uku na ƙarshe, 032. Tun da 32 tana rabuwa da 8, lambar duka tana rabuwa da 8: ka samu 21,879, wadda 2 ba ta raba ta kuma. Sai ka tara alƙalumanta: 2+1+8+7+9 = 27. Tara tana shiga 27, don haka raba da 9, saura 2,431. Ba ta ƙare da 0 ko 5 ba, to 5 ta fita.

Ga dabarar da ta fi sauƙaƙa aiki, kuma mutane da yawa ba su san ta ba. 7 × 11 × 13 = 1,001. Saboda haka, raba lambar asali gida biyu, 175 da 032, ka cire ƙarama daga babba: 143, wato 11 × 13. Nan take ka san 11 da 13 suna ciki, 7 ba ta ciki. 2,431 ÷ 11 = 221.

A nan ake yawan faɗuwa. 221 tana kama da lambar tushe, wato wadda ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, sai ɗalibi ya ajiye biro. Kar ka yarda da ido. Gwada lambobin tushe har zuwa wadda in ka ninka ta da kanta za ta zarce 221; 15 × 15 = 225, to gwajin ya tsaya a 13. Kuma 13 × 17 = 221.

Ke nan 175,032 = 2³ × 3² × 11 × 13 × 17.

Yawan masu raba ta: ƙara 1 a kan kowane ƙaramin alƙalami na sama (11, 13 da 17 nasu 1 ne), ka ninka. 4 × 3 × 2 × 2 × 2 = 96. Wanda ya manta ƙarin 1 ɗin zai samu 6, ya yi asarar maki.

Jimlarsu kuwa: (1+2+4+8) × (1+3+9) × (1+11) × (1+13) × (1+17) = 589,680. Cire lambar kanta, saura 414,648. Ta zarce 175,032, don haka lambar mai yalwa ce. Da ta gaza, sai a ce mai ƙaranci. Da ta yi daidai, cikakkiya, irin su 6, 28, 496 da 8,128.

Ba ninkin wata lamba da kanta ba ce, domin sai ƙananan alƙaluman sama duk sun rabu da 2, ga shi 3 da 1 ba sa rabuwa. Kafin ka miƙa takarda, ninka 8 × 9 × 11 × 13 × 17 ka tabbata ta koma 175,032.