Kurakuran da sabon zuwa Sifaniya ya fi yi, da hanyar gyara su

Wanda ya sauka Madrid, Barcelona ko Valencia, ɗaki da aiki yake fara nema. Ba laifi. Sai dai akwai takarda guda da ake ɗage ta sai "an natsu", kuma ita ke cizon mutum daga baya: rajistar mazauni a ofishin ƙaramar hukuma, wadda suke kira padrón. Kyauta ce, kuma ko wanda bai da izinin zama yana da damar yin ta. Fasfo ake nema da shaidar inda kake kwana, ko yarjejeniyar haya da sunanka, ko mai gidan ya sa hannu cewa a gidansa kake. Da ita ake karɓar katin asibiti, da ita ake sa yara a makaranta, kuma ita ce babbar shaidar ranar da ka fara zama a ƙasar. Mai son samun izinin zama ta hanyar daɗewa a ƙasar, a da shekara 3 ake nema, daga watan Mayun 2025 aka mayar da ita 2. To, mutum ya yi wata takwas yana kwana a falon abokinsa babu rajista, da me zai tabbatar da watannin nan? Saboda haka kafin ka miƙa kuɗin ɗaki, tambayi mai gida ko zai bari ka yi rajista da adireshin. In ya fara kame-kame, nemi wani ɗakin. Kada kuma ka sayi adireshin gidan da ba ka taɓa kwana a ciki ba, laifi ne, kuma in asiri ya tonu kai ke da asara. Baƙon da bai da izinin zama na dindindin yana sabunta rajistar duk shekara 2; wanda ya manta sai a goge sunansa ba tare da ya ankara ba.

Ana kuma rikita NIE da TIE. Na farko lambar shaidar baƙo ce kawai, na biyu shi ne katin shaidar baƙo da ake ɗaukar zanen yatsu a ofishin 'yan sanda kafin a bayar. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta aiki mai tsawo, cikin watan farko ake son ya nemi katin. A irin waɗannan ofisoshi ba a zuwa haka kawai a shiga layi; sai an kama rana ta intanet, kuma ranakun kan yi wuyar samu a manyan birane. Neman ranar ba a biyan ko sisi, duk da akwai masu sayarwa a bayan fage. Yi ta dubawa safe da dare. Ranar zuwa ka riƙe asalin kowace takarda da kwafinta. Takardar haihuwa ko ta aure da ka zo da ita daga gida, sai an tantance ta tun a can, sannan mai fassara da gwamnatin Sifaniya ta amince da shi ya juya ta. Fassarar abokinka mai jin yaren ba ta karɓuwa.

Sai agogo. Sabon zuwa zai shiga gidan abinci ƙarfe 12 na rana ya tarar ana goge tebura. Abincin rana wajen ƙarfe 2 ne, na dare 9 ko 10. A ƙananan garuruwa shaguna kan rufe daga 2 zuwa 5, ranar Lahadi kuma in ba a Madrid ba yawanci a kulle suke, don haka cefane ranar Asabar. Watan Agusta kuwa rabin gari ya tafi hutu. Duk wata takarda mai muhimmanci a gama da ita kafin ƙarshen Yuli. Lokutan salla ma suna yawo sosai: a Madrid magariba kan kusa ƙarfe 10 na dare a watan Yuni, a Disamba kuma kafin 6 rana ta faɗi. Mai kiran gida ya tuna cewa lokacin sanyi agogon Sifaniya ɗaya yake da na Kano da Yamai, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sun wuce da awa guda.

Inda Musulmi ya fi faɗawa shi ne abinci, don naman alade a ƙasar nan kamar daddawa yake a miya, ba sai an gan shi ba. Ka ce ba ka son nama, mai kawo abinci ya gyaɗa kai da zuciya ɗaya, ya kawo maka farantin wake da 'yan jajayen gutsattsari a ciki. A wurinsa busasshen cinyar alade, jamón, da tsiren hanjin nan chorizo, kayan ɗanɗano ne, ba nama ba. Ka ambace su da sunansu, ka kuma tambayi da me aka yi romon. Kayan fulawa ma ba su tsira ba: ensaimada ta Mallorca da polvorones na lokacin Kirsimeti da kitsen alade ake yin su bisa al'ada, sai ka duba bayan leda, in ka ga manteca de cerdo ka ajiye. Wainar ƙwai da dankalin turawa da gasasshen kifi sun fi kwanciyar hankali. Naman halal kuma ba wuya: mahautan Maroko da Pakistan suna nan a Lavapiés a Madrid da El Raval a Barcelona, kuma wanda ya je Juma'a babban masallacin Madrid da ke gefen titin M-30, wanda aka buɗe a 1992, zai sami masu nuna masa sauran.

Wasu na zuwa da tunanin Turanci ko Faransanci zai wadatar. A ofis da asibiti da wuya. Ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin agaji da dama suna koyar da Sifaniyanci kyauta, ka shiga tun makon farko. A Barcelona kuma kada ka yi mamakin ganin wasiƙar makarantar ɗanka da Katalanci.

Haya: kada ka tura kuɗi kan ɗakin da ba ka shiga da ƙafarka ba, kome kyan hoton. Ajiyar da doka ta wajabta kuɗin wata guda ce, kuma tun 2023 ladan dillali a hayar gidan zama kan mai gida yake. Ɗauki hoton kowane tsagin bango ranar shiga.

Tafiya tsakanin birane kuma, jirgin ƙasa mai gudu yana kai mutum daga Madrid zuwa Barcelona cikin kusan awa biyu da rabi, amma mai sayen tikiti ranar tafiya shi ke biyan mafi tsada. Duba farashin kamfanonin jirgin ƙasa, wato Renfe da Ouigo da Iryo, makonni kafin lokaci, in duk sun yi tsada a hau bas. A jirgin ƙarƙashin ƙasa jaka ta dawo gaba, waya ta bar aljihun baya. In an yi maka sane, je ofishin 'yan sanda a rubuta maka takardar rahoto a ranar, don za a neme ta wajen sake kati ko fasfo. Lambar gaggawa 112 ce, kuma kiran kyauta ne.