Idan akwatin intakom ya fara hauka, kar ka yi saurin sayen sabon kati

Yawancin kiran da nake samu a Gusau daga otal ko ofis kan akwatin intakom, wato na'urar da ke haɗa wayoyin cikin gini, kusan maganar ɗaya ce, wai "Malam zo ka duba, wayoyin duk sun haukace". Wata na ringin ita kaɗai, wata kana jin mutum shi bai jin ka, can kuma akwatin ya mutu ya sake tashi da kansa. To ɗan'uwa in waya ɗaya ce ta mutu wannan ba komai, igiya ce ko soket. In wayoyin kati ɗaya ne, wato ɗaya daga allunan lantarkin da ake zurawa cikin akwatin, suka ɗauke gaba ɗaya, katin ne ko ramin da ya zauna. Amma in matsalar na yawo, yau ɗakin manaja gobe risefshan, sai ka fara zargin bas, wato layukan da ke jikin allon baya waɗanda duk katunan ke magana da babban kati ta kansu.

Ka san hanya ɗaya ce kowa ke bi. Murya na tafiya a layi mai gurbi 32, kowane gurbi kilobit 64 a sakan, kuma agogo ɗaya ne ke gaya wa kowane kati lokacin da zai yi magana. Kati ɗaya in ya lalace ya danne layin to kowa ya shiga uku, shi ya sa za ka ga masu lafiya ma suna kunna jan wuta, kai kuma ka ɗauka duk sun ƙone.

Kafin komai ka ajiye kwafin saitin, irin su Panasonic KX-TDA ma a katin SD yake zaune, kar ka gyara akwati ka dawo kana shigar da lambobin ɗakuna hamsin da hannu. Sai ka sa mita a fawa saflai, wato sashen da ke ba akwatin wuta, ka ga ko volt 5 ɗin na tsaye ko yana rawa, don wallahi sau da yawa abin da ake kira matsalar bas kafasita ce kawai, wato 'yar gwangwanin da ke daidaita wuta, ta kumbura saboda zafi da canjin wuta zuwa janareta.

In wuta lafiya lau, kashe akwatin, cire filogi, ka taɓa ƙarfen jikinsa tukuna don wutar jikinka kar ta kashe aisi, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu da ke jikin kati. Zare duk katunan ka bar babban kati kaɗai ka kunna. Ya tashi lafiya? To kashe, mayar da kati ɗaya, kunna, ka ɗan jira, haka haka har ka zo kan wanda da shigarsa komai ke rikicewa. Aikin na cin rai, mai otal zai tsaya a kanka yana duba agogo, ƙyale shi. Da ka kama katin kuma kar ka yanke masa hukunci nan take, canza masa rami. In matsalar ta bi shi, nasa ne. In ta tsaya a ramin, haska tocila ka duba fil ɗin allon baya, wani ya lanƙwashe ko ƙurar hunturu ta haɗu da danshi ta yi kore. Burushi mai laushi da sipirit sun isa, ban da samfefa don Allah.

Katin da ya danne bas galibi ƙaramin aisi ne da ke kusa da bakin katin, irin 74HC245, zai yi zafi in ka ɗora yatsa. Mai hannu a soda, wato liƙi da dalma, zai iya canza shi. Kuma in da damina abin ya faru bayan tsawa, fara da katin layin waje, sannan ka bi wayar at ɗin, wato wadda ke kai wuta cikin ƙasa, har ƙasa, don na sha tarar da ita a yanke a bayan gini ba wanda ya lura.