Yadda zaka ajiye takardar jaruminka ta wasan D&D a intanet, kowa ya gani babu gardama

Mu shida ne muke wannan wasan, kuma in ka ji inda kowa yake zaune a Legas zaka gane abin da ya kai mu intanet. Ni ina Agege, ɗaya yana Mile 12 wajen 'yan albasa, biyu suna Alaba Rago can Ojo, ɗaya Obalende, shi kuma mai jan mana labarin gyaran waya yake a Computer Village. Da farko cewa muka yi duk Lahadi a haɗu a ɗakina, toh kafin na Ojo su keto gosulo su iso la'asar ta wuce, ana awa ɗaya da farawa kowa ya soma duba agogo yana lissafin danfon komawa. Shikenan muka ce kowa ya zauna inda yake, a yi ta waya.

Ga wanda bai san wasan ba, Dungeons & Dragons sunansa, D&D a taƙaice, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da shi a Amurka a 1974. Kamar tatsuniya ne, sai dai maimakon ka zauna kana cewa ta zo mu ji ta, kai ma kana ciki da naka jarumin. Mai jan labari zai ce gaku a bakin kogo kun ji motsi, kai ka faɗi abin da jaruminka zai yi, a jefa dayis mai fuska 20 a ga ko ka dace. Kuma tun kafin wani ya tambaya, ba caca bace, ko kwabo ba a sawa.

Kowane jarumi yana da takardarsa. A ciki ake rubuta ƙarfinsa, jininsa wato yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi, makamansa, kuɗinsa, da duk tarkacen da ke jakarsa. A kan wannan takardar muka taɓa kwashe kusan rabin awa muna musu. Mutumin Mile 12 jaruminsa ya kusa mutuwa sai yace zai sha maganin warkarwa, irin wanda ake saya zinariya 50 a wasan. Mai jan labari yace haba malam ai ka shanye shi wancan satin. Yace wallahi oga ban sha ba, ga hoto. Ya turo hoton takarda a WhatsApp, ga magani nan kuwa a rubuce, amma hoton na sati uku da suka wuce ne, ita kuma ainihin takardar an naɗe wa wani tattasai a ciki a kasuwa. Daga ranar muka kafa doka: takarda ɗaya ce ta gaskiya, tana intanet, duk wata wadda ba ita ba kwafi ce kuma ba a kafa hujja da ita.

Mataki na farko, ku zauna ku zaɓi wuri ɗaya, kuma duk ku koma can.

Mu D&D Beyond muka ɗauka, shafin intanet ne na ajiye takardun jarumai. An buɗe shi a 2017, a 2022 kuma kamfanin Hasbro, masu wasan kansa, suka saye shi, don haka ƙa'idojin da ke ciki na asali ne. Akwai Roll20 wanda yake tun 2012, yana da taswira da komai, amma ni a ganina sai mai kwamfuta zai ji daɗinsa, a waya wahala ce kawai zaka yi ta ja da yatsa kana neman inda jaruminka ya shige. Foundry kuma saye ake yi da dala kuma sai wani ya ɗauki nauyin kunna shi, mu da wuta take zuwa ta tafi yadda ta ga dama bamu ko tsaya a kansa ba. In kuma Pathfinder kuke bugawa, wani wasa ne irin wannan, akwai Pathbuilder a Android, yana aiki sosai.

Na biyu, ka buɗe akawun ka ƙirƙiri jarumin. Kyauta ne, kuma na kyautan yana baka gurbin jarumi har 6, wanda ya ishi kowa sai dai mai ruwan ido. Zai tambaye ka jinsi, wato mutum ne ko wata halitta, sai aji, wato mayaƙi ne ko ɓarawo ko mai sihiri da sauransu. A cikinmu akwai waɗanda suka ce su ba ruwansu da harkar bokaye ko da a wasa ne, suka ɗauki mayaƙa, babu wanda ya takura musu, dama ga sabon shiga mayaƙin ya fi sauƙin riƙewa.

A nan ne mutane suke rikicewa don haka bari in ɗan tsaya. Siffofi shida ne: ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, basira, da kwarjini. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗauki lambobin da aka riga aka tsara, 15, 14, 13, 12, 10, 8, ka raba musu yadda kake so. Ni mayaƙina na ba ƙarfi 15, juriya 14, ilimi kuma na jefa masa 8, shiyasa har yau in ana maganar karanta wani tsohon rubutu a bango sai ya koma gefe yana goge takobi. Daga kowace lamba ake ciro ƙarin da ake haɗawa da dayis: ka cire 10, ka raba biyu, in da ragowa ka sauko ƙasa. Wato 14 ta baka +2, 15 ma +2 ce, 8 kuma -1. Jarumi yana hawa mataki-mataki a wasan, mayaƙi yana fara mataki na 1 da jini 10 haɗe da ƙarin juriyarsa, nawa ya zama 12 kenan. Ka sa masa sulke kariyarsa, wato lambar da sai abokin gaba ya kai kafin dukansa ya same shi, ta zama 16, ka ƙara garkuwa ta koma 18. Duk wannan shafin zai lissafa maka da kansa, amma ka san daga inda lambar ta fito, don ranar da ka manta baka danna cewa jarumin ya saka sulken ba, yana cikin jaka kawai, zaka ga kariya ta faɗi ƙasa ka rasa dalili. Ya faru da ni, sati biyu ina shan duka a banza.

Wajen suna kuma dan Allah kar ka wahalar da kanka da sunayen Turawan da ko kai baka iya furtawa. Muna da Barde, Jarmai, Madawaki, Sarkin Baka, ga su nan birjik. Kar dai ka sa sunanka na gaskiya ko lambar wayarka a ciki, zaka ga dalili yanzu.

Na uku shi ne rabawa, kuma shi ne asalin maganar. Mai jan labari zai buɗe abin da suke kira Campaign, wato zangon labarin ku, shafin zai bashi link, ya turo a gurup, kowa ya danna ya shigar da jaruminsa. Daga nan yana iya buɗe takardar kowa a duk lokacin da ya so, ya ga jinin ka nawa, maganin ka nawa. Sannan a saitin jarumin akwai zaɓi uku: Private, kai kaɗai da mai jan labari, Campaign Only, 'yan zangon ku, sai Public, wanda duk mai link ɗin zai gani. Shi yasa nace kar ka sa bayananka. Kuma link ake turawa, ba faswod ba. Ko ɗan uwanka uwa ɗaya uba ɗaya ne yace ka bashi faswod ya gyara maka wani abu, ka ce ya faɗa maka kai ka gyara.

Wani abu kuma, na kyautan ƙa'idojin farko kawai yake buɗe maka, misali a cikin ire-iren mayaƙi ɗaya kawai zaka samu. Sauran littattafan saye ake, da dala. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya yi rajistar Master, wadda ake biya wa kuɗi, ya kunna raba littattafai a zangon, sai kowa ya amfana da abin da aka saya. Ku yi karo-karo kamar adashe kawai. Amma ni shawarata kar ku sayi komai sai kun kai mataki na 3 tukun, wato maki 900 na gogewa da jarumi yake tarawa a wasan, kun tabbatar gurup ɗin ba zai watse ba, don na ga gurup da yawa da suka mutu tun a zama na biyu.

Na huɗu, ku haɗa takardar da inda kuke magana. Mu Discord muke amfani da shi, manhajar hira ce, murya kawai babu bidiyo saboda data. A ciki ana saka wani bot, wato 'yar manhaja mai bin umarnin da ka rubuta, mai suna Avrae. Zaka rubuta !import ka liƙa link ɗin jaruminka, in ya ƙi ɗaukowa ka duba, yawanci baka maida shi Public bane. Da ya shiga shikenan, in mai jan labari yace ka laɓe, ka rubuta !check stealth, shi zai jefa dayis ya haɗa da ƙarinka ya nuna a gaban kowa. In dayis kawai kake so, !r 1d20, wato dayis ɗaya mai fuska 20. Wannan ya kashe mana wata tsohuwar fitina, ta mutumin da kullum in ya jefa nasa dayis ɗin a ɗakinsa a Ojo sai yace 19 ko 20 ya samu, tun da bot ya karɓi aikin muka gano ashe shima yana samun 3 kamar kowa.

Abin da ake mantawa shi ne !update. Ka hau mataki, ko ka sayi sabon makami ka rubuta a D&D Beyond, bot ɗin yana nan da tsohon kwafi har sai ka rubuta masa !update. Musamman in ka kai mataki na 5, inda ƙarin ƙwarewa, wato ƙarin da ake baka a abin da jaruminka ya iya, yake tashi daga +2 zuwa +3, in baka sabunta ba duk jifan da ƙarin ƙwarewa ya shiga ciki kana asarar maki ɗaya baka sani ba.

In kuma duk wannan ya muku yawa, ko wayar wani ƙarama ce tana tsayawa, Google Sheets ma ya isa. Ka jera siffofi shidan a layi, lambobin a ginshiƙin B, a gefe ka rubuta =INT((B2-10)/2) zai fitar maka da ƙarin. Wajen rabawa ka ba mai jan labari Editor, wato ikon gyara, sauran Viewer, kallo kawai, kar ka ba kowa ikon gyara don akwai masu tsokana, zaka wayi gari ka ga an maida takobinka muciya. Abin da na fi so a nan shi ne tarihin gyara, in ka buɗe a kwamfuta zai nuna wa ya canza me kuma yaushe. Da muna da shi ranar rigimar maganin nan da minti ɗaya an gama.

Masu buga wasannin bidiyo irin su World of Warcraft ko Final Fantasy XIV ku kam an hutar da ku, wasan da kansa yake riƙe komai. Na farkon yana da Armory, na biyun Lodestone, ka nemo sunan jaruminka ka kwafi link ka tura, babu abin da zaka rubuta da hannu.

Na biyar, ka ajiye kwafi don ranar da netwok zai ɗauke, kuma zai ɗauke. A D&D Beyond akwai Export to PDF, ka sauke a waya duk lokacin da ka hau mataki, ka sa kwanan wata a sunan fayil ɗin. Ranar da aka yi ruwan nan mai ƙarfi aka ɗauke mana wuta a layinmu, intanet ma ya bi, da PDF ɗin na ƙarasa wasan, na kira ɗaya daga cikinsu ya sa ni a sifika, ina faɗa yana jefa min dayis, jinin da na rasa ina rubutawa a bayan kwalin ashana, da gari ya waye na shigar da shi a takardar gaskiya kafin in fita.

Na ƙarshe, kar kowa ya kashe waya da an ce an tashi. Minti biyar muke warewa, mai jan labari yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kamar malamin aji: jini nawa, zinariya nawa, me ka sha, me ka tsinta. Kana faɗa kana gyarawa, shi kuma yana kallon takardarka a nasa allon har ya ga lambar ta canza sannan ya wuce na gaba. Mutumin Mile 12 shi ake fara kira kullum, saboda ƙarfe huɗu na asuba motar albasa take shigowa kuma in aka bar shi a ƙarshe sai dai mu ji minshari.