Yadda ake tsara burin karatu na shekara da yadda ake bitarsa

Duk farkon shekara za ka ga mutum ya ɗauki biro ya rubuta cewa bana sai ya karanta littattafai 52, wato ɗaya a kowane mako. Ya fara da zafinsa, ya cinye biyu a Janairu, na uku ya maƙale masa a tsakiyar Fabrairu, daga nan sai shiru. Ni ma na taɓa yin haka, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan kasala. Daga baya na gane ashe lambar ce na tsinta a sama ban auna ta da rayuwata ba, sannan na ajiye ta ban ƙara waiwayarta ba sai da shekara ta zo ƙarshe. Matakan da ke ƙasa su ne abin da nake bi yanzu, kuma mafi tsawonsu a kan bita yake, domin a nan ne buri yake rayuwa ko ya mutu.

Da farko, waiwayi bara

Kafin ka ce komai a kan bana, zauna ka rubuta littattafan da ka karanta bara daga bango zuwa bango. In uku ne, rubuta uku, babu mai duba maka takardar. A gefe guda kuma ka jera waɗanda ka fara ka watsar, ka ɗan tuna abin da ya raba ka da kowanne: ya yi maka nauyi ne, ko gundura ce, ko kuwa wata hidima ce ta taso ta ɗauke hankalinka? Wannan jeri na biyu ya fi na farko amfani, don shi zai nuna maka inda ka saba yin tuntuɓe.

Na biyu, me kake so karatun ya yi maka?

Amsa wannan a jimla ɗaya. Wani so yake ya fahimci tarihin wata ƙasa, wani yana neman ƙwarewa a sana'arsa, wata so take ta dawo da daɗin labari da ta rabu da shi tun barinta makaranta, wani kuma kawai ya gaji da yadda waya take cinye masa dare. Kowace amsa da irin burin da ya dace da ita. Mai neman fahimtar fanni guda zai iya wadatuwa da littattafai shida masu nauyi, ya karanta su a tsanake yana rubutu. Mai neman raba kansa da waya kuwa, mintoci yake buƙatar ƙirgawa, ko wane littafi ne a hannunsa.

Na uku, auna saurinka, sannan ka yi lissafi

Nan ne mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne ginshiƙin aikin. A 2019 wani masani a Jami'ar Ghent da ke Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike 190 a kan saurin karatu, ya gano cewa baligi mai karanta Ingilishi a zuci yakan karanta kalmomi kusan 238 a minti ɗaya in rubutun na ilimi ne, da kusan 260 in ƙagaggen labari ne. Wannan matsakaici ne na jama'a, kuma na harshe ɗaya. Kai naka saurin kake nema, a harshen da kake karatu da irin littafin da ka saba ɗauka.

Ga yadda za ka yi. Ɗauki littafi, saita agogo a kan minti 20, ka karanta yadda ka saba, ba tare da tsere ba. Agogo na bugawa ka ƙirga shafukan. Maimaita haka kwana uku, ka ɗauki matsakaicin. A ce ka samu shafi 12.

Yanzu lissafi. Shekara kwana 365 ce, amma kada ka yi aiki da wannan lambar. Akwai ranar ciwo, akwai ranar tafiya, akwai ranar da za ka dawo gida ko takalmi da ƙyar za ka cire. Cire musu kwana 65, ka bar 300. Shafi 12 sau 300 ya ba ka shafi 3,600. In littattafan da kake karantawa sukan kai shafi 250, ka tashi da littafi 14 da ɗan ɗoriya. Ni a wurinka 12 zan rubuta. Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka bayyana wata ɗabi'a ta ɗan Adam, cewa in yana tsara aikinsa na kansa yakan rage lokacin da aikin zai ci, ko da kuwa ya sha ganin irin wannan aikin ya wuce yadda ya zata. Ragin nan na littafi biyu shi ne maganin wannan ɗabi'a.

Wani zai ce 12 ai ta yi kaɗan. In bara uku ka karanta, 12 ninki huɗu ce.

Na huɗu, ƙirga shafuka ko mintoci, adadin littattafai ya biyo baya

Ina so in ɗan daɗe a nan. Goodreads, wani shafin intanet na masu karanta littattafai, ya fara gasar karatu ta shekara-shekara a 2011: ka sa adadin littattafan da kake so, shi kuma ya riƙa nuna maka ko kana gaba ko an bar ka a baya. Abin yana zaburarwa, ban musa ba. Amma akwai tarko a ciki. Da zarar adadin littattafai ya zama shi ne abin farauta, sai ka ga hannunka yana kauce wa littafi mai shafi 900 da ka daɗe kana marmarinsa, yana miƙewa ga ƙananan da za a gama a zama biyu. A Disamba sai mutum ya koma neman 'yan siraran littattafai don cike gurbi, yana shafa shafuka da ido, ba abin da ke shiga. Masanin tattalin arzikin nan na Birtaniya, Charles Goodhart, ya yi nuni da irin wannan a 1975 a kan manufofin kuɗi, kuma daga baya aka faɗaɗa maganar: ma'auni yakan lalace da zarar an mayar da shi abin da ake nema. Karatu ma bai tsira ba.

Don haka ka rubuta burinka gida biyu. Na kullum: minti 20, ko shafi 12. Na shekara: shafi 3,600, kimanin littafi 12. Na kullum shi ne umarni, na shekara hasashe ne kawai. Ta haka littafi mai shafi 900 zai shiga lissafinka da cikakken nauyinsa, ba za a daidaita shi da mai shafi 90 ba.

Tun yanzu kuma ka yanke wa kanka hukunci a kan ƙananan tambayoyi. Littafin sauraro yana cikin lissafi? Littafin da ka maimaita fa? A ganina duka biyun su shiga, sai dai na sauraro da mintoci ake auna shi. Amma burin naka ne. Abin da nake hana ka shi ne canza doka a watan Nuwamba don lamba ta cika.

Na biyar, sa masa lokaci da wuri

"Zan riƙa karatu kullum" niyya ce, kuma niyya ita kaɗai ba ta buɗe littafi. Masanin halayyar ɗan Adam Peter Gollwitzer ya wallafa wata maƙala a 1999 da ta nuna cewa mutane sun fi cika abin da suka ƙudurta in sun ɗaure shi da wani yanayi takamaimai, a tsarin "idan kaza ya faru, to zan yi kaza". Naka zai iya zama: idan na farka na kintsa, zan karanta minti 20 kafin in taɓa waya. Ko: idan na zauna a mota zuwa wurin aiki, littafi zan buɗe. Zaɓi abin da ka riga ka saba yi kullum, ka rataya karatun a jikinsa. Sannan ka ajiye littafin a daidai wurin, ido na ganinsa, waya kuma a wani ɗakin in da hali.

Mai cewa sai ya kwanta zai karanta, ya gwada mako ɗaya ya gani. In shafi biyu yake yi barci ya kwashe shi, ya nemi wani lokacin.

Na shida, zaɓi rabin littattafan kawai

In burinka 12 ne, rubuta sunayen shida, ka bar gurbi shida. Cikin shekara aboki zai ba ka wani, wani marubucin zai ambaci littafin da zai ja hankalinka, kai kanka sha'awarka za ta juya. Jerin da aka cika maƙil tun Janairu yakan koma kamar aikin gida na makaranta. A cikin shidan ka sa ɗaya da kake jin tsoronsa, ka kuma fara da wanda ka fi ɗoki. Kafin ka gama na hannunka, na gaba ya riga ya iso, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana huɗu na rashin littafi a tsakani ya isa ya kwance sabon da ka yi wata guda kana ɗaurawa.

Na bakwai, ajiye rajista

Ƙaramin littafin rubutu ya isa, ko manhaja irin StoryGraph ko Goodreads in ka fi son waya. Kullum ka sa kwanan wata da yawan shafuka. In ka gama littafi, rufe shi, ka rubuta layi huɗu ko biyar da ka: me marubucin yake cewa, me ka yarda da shi, me ka ƙi. A rufe nake nufi. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke suka nuna cewa ɗaliban da suka yi ƙoƙarin tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Layukan nan biyar su ne za ka samu a hannu ranar bitar ƙarshen shekara.

Na takwas, bita

Sa ranakun a kalanda yau: ƙarshen Maris, ƙarshen Yuni, ƙarshen Satumba, da makon ƙarshe na Disamba. Kowane zama rabin awa ne. A tsakani, duban minti biyu a ƙarshen mako ya wadatar, ka ga kwana nawa ka karanta cikin bakwai.

A ce ƙarshen Maris ya zo. Bisa lissafinka ya kamata ka kai shafi 900, sai ka tarar 500 ka yi. Kada ka fara da faɗa da kanka, fara da rajista. Duba ranakun da babu komai a gabansu. In a warwatse suke, kuma mafi yawa ranaku iri ɗaya ne a mako, to lokacin da ka zaɓa ne bai dace da waɗannan ranaku ba, sai ka nema musu wani. In kuwa a dunƙule suke, mako uku a jere babu shafi ko ɗaya, duba littafin da ke hannunka a lokacin. Sau da yawa shi ne mai laifin. In kuma kana karantawa kusan kullum amma shafukan ba sa kaiwa, to littattafan bana sun fi wanda ka yi gwaji da shi nauyi, lambar ce za a gyara, ba kai ba.

Batun littafin da ya maƙale kuwa, ka ba kanka izinin ajiye shi. Wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Nancy Pearl, ta shahara da wata ƙa'ida: ba wa littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka bar shi, in shekarunka sun haura 50, cire su daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Ina bin wannan ga littafin nishaɗi. Ga littafin da na ɗauka don koyo nakan ƙara haƙuri, domin wani wahalarsa ita ce amfaninsa. Shafukan da ka karanta kafin ka ajiye, ka ƙirga su, ai ka karanta su.

Sai kuma abin da na fi so ka riƙe: kada ka ɗauki shafi 400 da suka kuɓuce a matsayin bashi. Wanda ya ce zai ninka karatun Afrilu don ya biya na baya, yawanci a mako na biyu yake zubar da komai. Sake lissafi daga inda kake. Wata tara suka rage, kowane wata shafi 300, ka samu 2,700, ka haɗa da 500 na baya, sabon burinka 3,200. Ja layi a kan tsohuwar lambar yadda za a iya karanta ta, rubuta sabuwar da kwanan wata da dalili a gefe. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza: sabon aiki, jinya, jarrabawa ko haihuwa duk dalilai ne na rage buri ba tare da jin kunya ba.

In bita ta nuna kana gaba da lissafi, kada ka yi saurin ƙara lamba. Wannan rarar ita ce damar ɗauko babban littafin nan da kake tsoro, ko komawa kan wanda ka gama da gaggawa.

Bitar Disamba ta fi sauran tsawo. Haɗa shafuka da littattafai, rubuta jimlar, ka wuce, minti biyar ya ishe ta. Ragowar lokacin ka ba wa layukan da ka rubuta bayan kowane littafi. Karanta su duka a zama ɗaya. Wanne ne har yanzu kake iya ba wani labarinsa ba tare da dubawa ba? Wanne ya sa ka canza ra'ayi ko ka canza yadda kake wani aiki? A wane wata ka fi karatu, kuma me ya bambanta shi da sauran? Daga nan ka koma kan jimla ɗayar da ka rubuta a mataki na biyu, ka tambayi kanka ko littattafan sun yi mata hidima. Ware guda biyu da za ka maimaita, da marubuci ɗaya da za ka nemi sauran ayyukansa. Sai ka buɗe sabon shafi, ka saita agogo a kan minti 20, ka sake auna saurinka don lissafin shekara mai kamawa.