Yadda ake auna farin wata a gano tasirinsa ga ɓerayen daji

Kuskuren da aka fi yi a wannan aiki shi ne mutum ya duba kalanda ya rubuta "daren bakwai, rabin wata", ya ɗauka ya auna haske. Rabin wata ba ya ba da rabin hasken daren sha huɗu. Abin da yake bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Sannan watan daren bakwai yana sama tun magariba, ya faɗi wajen tsakar dare, na daren ashirin da biyu kuwa sai tsakar dare yake fitowa. A ido girmansu ɗaya, amma ɓeran da ke fita kiwo bayan isha'i, a daren bakwai cikin farin wata yake, a daren ashirin da biyu kuwa cikin duhu. Abin aunawa shi ne hasken da ya sauka ƙasa a sa'ar da dabba take waje.

Na'urar awo

Ana ƙidaya haske da luks. Rana tsaka tana kaiwa luks 100,000. Cikakken wata, ko yana tsakiyar sama ba gajimare, da ƙyar yake kai luks 0.3, daren taurari zalla kuwa wajen 0.001 ne. Saboda haka wayar hannu da ƙaramin mitan masu aikin lantarki ba za su yi ba, sifili za su riƙa nunawa dare duka. Nemi mitan haske da ke karanta luks 0.01, in an samu mai 0.001 ya fi. Akwai kuma na'urar SQM ta kamfanin Unihedron, amma hasken sama take aunawa, kuma lissafinta a juye yake: lamba babba na nufin duhu. Dare mai duhu sosai yakan ba da 21 zuwa 22.

Zaɓi fili nesa da gari da titi. Ɗora mitan a ƙasa bisa katako, idonsa na kallon sama, ka daidaita shi da lebur ɗin magina. Kafin komai rufe idon da murfi ka tabbata ya nuna sifili. Kashe tocila, ka tsuguna nesa kaɗan ta yadda inuwarka ba za ta taɓa shi ba, kuma kada ka sa farar riga, domin tana mayar da haske. Karanta sau uku ka ɗauki matsakaici. Kada a fara sai an yi awa ɗaya da kwata da faɗuwar rana, kafin nan sauran hasken rana na nan a sama. Daga nan sai a maimaita kowace awa.

A kowane awo rubuta lokaci, gajimare, iska, sanyi, da tsayin wata daga ƙasa. Dunƙulen hannu a miƙe kusan digiri 10 ne, manhajar Stellarium kuma tana ba da adadin daidai.

Farantin gero

Sai auna dabbar. Hanyar da ta fi araha, kuma a ganinmu ta fi dacewa da mai farawa, ita ce wadda masu bincike suka daɗe suna yi wa ɓerayen hamadar Negev da ke Isra'ila. A cakuɗa gero giram 3 da tankaɗaɗɗen yashi lita 5 a faranti mai faɗi. Da farko ɓera na samun ƙwaya cikin sauƙi, amma gwargwadon yadda take raguwa haka tonon ke ƙara wuya, har ya ga ragowar ba ta kai ya ci gaba da zama inda mujiya za ta hango shi ba. Geron da ya bari shi ne ma'aunin tsoronsa. A Negev an ga ɓerayen na barin ƙwaya da yawa a daren farin wata, musamman a sarari.

Jera faranti bibbiyu a wuri goma, da tazarar mita 25 tsakanin wuri da wuri: ɗaya a gindin ɗan kurmi ko sabara, ɗaya a fili kamar mita 2 daga gare shi. Kwana uku na farko don su saba ne, kada a lissafa su. Ajiye bayan magariba, kwashe da asuba kafin kurciya da gwara su tashi. Duba sawun da ke kan yashin tukuna, ko na ɓera ne ko na bushiya, sannan ka tankaɗe da rariya, ka shanya geron, ka auna a sikeli mai karanta giram 0.01. Farantin da ba sawu a kansa a rubuta shi daban. Sa takalmi mai rufe ƙafa saboda maciji da kunama.

Inda ake samun matsala

Tururuwa na iya kwashe gero ƙaƙaf ba tare da ɓera ya zo ba, don haka a kauce wa gidanta. Raɓa tana jiƙa gero ya ƙara nauyi, tana kuma dushe idon mita, sai an riƙa gogewa. Hazon hunturu na rage farin wata ƙwarai, har daren sha huɗu a watan Janairu ya kasa kai na daren damina mai garau. Kusa da gari kuma gajimare na mayar da hasken fitilu ƙasa, dare ya ƙara haske maimakon duhu.

Wata ɗaya bai isa ba. Zagayen wata kwana 29 da rabi ne, kuma in sanyi mai tsanani ya faɗo a makon farin wata ba za ka san wanne ya hana ɓera fita ba. Yi aƙalla zagaye uku, sannan ka zana jadawali: luks a kwance, geron da ya rage a tsaye, farantan fili daban da na gindin kurmi.

Kada a ɗauka kowace dabba haka take. Yautai da ido yake farautar ƙwari, farin wata na ƙara masa lokacin kiwo. Zaki kuwa farautarsa ba ta cika yin kyau a farin wata ba. Binciken da Craig Packer da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 kan hare-haren zakuna a Tanzaniya ya nuna sun fi kai wa mutane hari cikin kwana goma bayan daren sha huɗu, lokacin da zaki ya sha yunwa, wata kuma ba ya fitowa sai dare ya yi, mutane na waje cikin duhu. Shi ya sa a littafin awo ake rubuta ko wata girma yake ko raguwa, da sa'ar fitowarsa a kowane dare.